Sojan da ke bakin daga ya fi buƙatar ruwa mai tsafta a kan furannin da za a ajiye bayan ransa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan yadda farar hula za su taimaki sojojinmu tun suna raye, domin duk ranar 15 ga Janairu mukan ga manya sun ajiye furanni don tunawa da 'yan mazan jiya, amma ba kasafai ake tambayar irin ruwan da sojan da ke daji yake sha ba.

Na shekara da shekaru ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma na taɓa jinyar wani matashin soja da aka kawo mana daga bakin daga ba tare da ko ƙwarzane na harsashi a jikinsa ba. Gudawa ce ta tsotse shi, idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun bushe, har sai da muka sha wahala kafin mu sami jijiyar da za mu ɗaura masa ruwa. Tun daga ranar nake tuna abin da ya faru a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, inda sojoji fiye da dubu 600 suka mutu, kuma kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su: atuni, taifod, ƙyanda da zazzaɓin cizon sauro.

Matan birnin Niyok ne suka fara yunƙurawa don kula da lafiyar sojoji a watan Afrilun 1861, cikinsu har da Dokta Elizabeth Blackwell, sannan a watan Yuni Shugaba Abraham Lincoln ya amince da kafa Hukumar Tsafta ta Amurka, ko da yake da farko yana ganin ba ta da wani amfani. Wani malamin coci, Henry Bellows, shi ya shugabance ta, Frederick Law Olmsted kuma ya zama sakatare. Ba gwamnati ke ɗaukar nauyinta ba, jama'a ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikin masu dubagarin da hukumar ta riƙa turawa sansani-sansani. Sukan duba inda aka haƙa masai da nisansa daga ruwan sha, su leƙa tukunyar masu girki, su ga ko ana binne shara, su kuma rubuta rahoto a kan abin da idonsu ya gani ko da hafsoshi ba za su ji daɗinsa ba. A lokacin likitoci ba su gama gane ƙwayoyin cuta ba, yawancinsu gurɓatacciyar iska suke zargi, amma tsaftar da suka nace a kanta ta ceci rayuka. Da cutar nan mai kumbura dasashi saboda rashin ɗanyen ganye ta kama sojojin da ke yaƙi a garin Vicksburg a 1863, manoma suka tara albasa da dankalin turawa, hukumar ta yi jigilarsu zuwa can.

Kuɗin kuwa daga kasuwannin baje koli aka riƙa tara shi. Mata ne suka shirya ta Shikago a 1863, ta Filadelfiya kuma a 1864 ta tara fiye da dala miliyan ɗaya.

Malam Edita, ciyar da soja da kula da lafiyarsa hakkin gwamnati ne, kuma ba ina neman a sauke mata shi ba. Sai dai 'ya'yanmu ne ke kwana a dazuzzukan Borno da Zamfara, kuma muna da likitoci da ma'aikatan jinya da masu dubagari da suka yi ritaya, muna da ƙungiyoyin mata da 'yan kasuwa masu hannu da shuni. Ina kira ga hukumomin soja su buɗe ƙofa ga kwamitin farar hula amintattu da zai riƙa kai sabulu, gidan sauro da maganin tace ruwa, a kuma ba shi damar duba masai da rijiyoyin sansani ya kai rahoto inda ya dace.

Wassalam,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kaduna