Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Zumuntarmu

Iyayenmu dattawa, 'yan'uwa maza da mata a cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu. Kwamiti ya ɗora mini in kawo muku bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗin da ya shigo da wanda ya fita yana hannun ma'aji, shi zai gabatar da shi bayan na gama.

Ayar da muka ɗauka a matsayin taken shekara ita ce Filibiyawa 4:19, inda Bulus ya tabbatar wa masu bi cewa Allah zai biya musu dukan bukatarsu. Mun tuna wa juna cewa yana kurkuku ya rubuta wannan wasiƙa, yana kuma gode wa ikilisiyar Filibi saboda gudummawar da suka aika masa ta hannun Abafaroditas. Allah ne ya tanada, amma ta hannun 'yan'uwa abin ya isa wurinsa. Haka muka ga yana yi mana tun daga farkon shekara har ƙarshenta.

A nazarin Littafi Mai Tsarki mun fi daɗewa a kan Fitowa sura 16. Shekara 40 Isra'ilawa suka yi suna cin manna a jeji. Kowace safiya mutum ya fita ya tara na yini ɗaya, wanda ya ɓoye saura sai ya wayi gari ya tarar ya yi tsutsa yana wari, sai a rana ta shida ne kawai suke tara na kwana biyu saboda Asabar. Wannan darasi ya jawo muhawara mai zafi a tsakaninmu. Wani daga cikin iyayenmu ya tambaya ko yin ajiya rashin bangaskiya ne, wata mama kuma ta tuna mana da Yusufu, wanda ya tara hatsi shekara 7 a Masar har ya ceci al'ummai daga yunwa. A ƙarshe muka tsaya a kan cewa za mu riƙa ajiye wani abu kaɗan domin larurar gaggawa, amma ba za mu bar kuɗi su kwana a asusu alhali ɗan'uwa yana kwana da yunwa ba. Ni dai a ganina, wannan ita ce shawara mafi kyau da muka yanke a bana.

Da wannan asusun muka taimaka wa matan da mazansu suka rasu, muka biya wa waɗansu marayu kuɗin makaranta, muka sayi magani ga marasa lafiya, muka kuma tallafa wa waɗanda aikinsu ya tsaya. Mun bi misalin Ayyukan Manzanni sura 6, inda aka zaɓi mutum 7 masu kyakkyawar shaida su kula da rabon abinci. Mu ma amintattu kaɗan muka ba wannan aiki, kuma ba a kiran sunan wanda aka taimaka wa a gaban taro, domin a rufa masa asiri. Akwai wanda aka tallafa wa a farkon shekara, kafin ta ƙare ya dawo da hannunsa ya zuba a asusu domin wani. Ranar da aka gaya mini, sai da na yi hawaye.

Ta fannin ruhaniya ma Ubangiji bai bar mu hannu wofi ba. Taron addu'a na mako-mako bai tsaya ba. Waɗansu matasanmu sun kammala ajin baftisma an yi musu baftisma, gidaje biyu da suka daɗe ba sa ga maciji da juna sun shirya, har sun ci jibin Ubangiji tare. Mun karanta Yahaya sura 6, yadda Yesu ya ciyar da maza wajen 5,000 da gurasa 5 da kifi 2, har aka kwashe ragowa kwando 12, washegari kuma jama'a suka bi shi saboda cikinsu, shi kuwa ya nuna musu cewa shi ne gurasar rai. Mun yi rashi a wannan shekara. Mun roƙi warkarwa ga waɗansu, Ubangiji ya ga ya fi kyau ya kira su gida. A gidajen makokin nan ne na ji ana rera waƙar godiya da murya mai rawa, na kuma gane dalilin da 1 Tasalonikawa 5:18 ta ce a yi godiya a cikin kowane hali.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Littafin da nake rubuta roƙe-roƙen addu'a ya cika har na buɗe wani, amma shafukan da na keɓe domin shaidar godiya kusan babu komai a cikinsu. Na san an amsa da yawa daga cikin roƙe-roƙen nan, domin na ga waɗanda suka warke, na ga waɗanda suka sami aiki. A Luka sura 17 kutare 10 aka tsarkake, ɗaya ne kaɗai ya komo ya faɗi a gaban Yesu yana godiya, shi ma Basamariye ne, har Yesu ya tambaya ina sauran taran. Ni ma ina cikin masu wannan laifi. Ban da wannan, zuwa taro ya ragu a tsakiyar shekara, kuɗin wata-wata ma yana makara, abin da ya sa wani taimakon bai isa a kan kari ba.

Saboda haka kwamiti yana kawo shawara cewa a shekara mai zuwa kowane taro ya fara da shaidar godiya kafin a karɓi roƙe-roƙe, kuma sau ɗaya a wata uku mu buɗe tsohon littafin mu bi roƙon ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanda aka amsa. Masu ziyarar marasa lafiya suna bukatar ƙarin hannu, musamman matasa, domin yawancin masu yin aikin yanzu iyayenmu ne da ƙarfinsu ya fara raguwa. Wanda yake so ya shiga, ya ba ni sunansa bayan addu'ar rufe taro.

Naku a cikin hidimar Ubangiji,
Sakataren ƙungiya