Amsa ga Malamin da Ya Ce Na Zuzuta Ƙwayoyin Dendiritik

Malam, bayan gaisuwa,

A bainar jama'a ka tambaye ni: a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, tunda makrofaj (mai haɗiye ƙwayoyin cuta) da ƙwayoyin B su ma suna nuna wa ƙwayoyin T guntun ƙwayar cuta, me ya sa na naɗa wa ƙwayoyin dendiritik rawani? Ka ƙara da cewa hadda nake yi, ban fahimci abin ba. Maganar haddar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

To, ga haddar. Ƙwayar T mai taimako wadda ba ta taɓa haɗuwa da cuta ba, makrofaj ba ya iya tashinta yadda ya kamata. Dendiritik ce ke gadi a fata da hanji, ta haɗiye ƙwayar cuta, ta yi tattaki har kaluluwa, ta baje guntun furotin a kan MHC na biyu, wani furotin da ke bayanta mai aikin faifan nuni. Sai furotin ɗinta CD80 da CD86 su kama furotin CD28 na ƙwayar T. In wannan bai samu ba, ƙwayar T lakwas take yi. Sannan dendiritik ta faɗa wa ƙwayar T irin yaƙin da za a yi, ta hanyar sinadaran saƙo. Sinadarin IL-12 na mayar da ita nau'in Th1, mai fitar da sinadarin intaferon gama don tunzura makrofaj. Sinadaran IL-6 da TGF-beta kuwa wani nau'in, Th17, suke haifarwa.

Dubi nau'in ɓeraye biyu, C57BL/6 da BALB/c, da aka sa wa Leishmania major, ƙwayar cuta mai jawo gyambo a fata. C57BL/6 ya bi hanyar Th1, gyambon ya warke. BALB/c ya karkata ga wani nau'in, Th2, cutar ta bazu ta kashe shi, amma in an ba shi IL-12 tun da wuri sai ya tsira. Makrofaj yana nan a jikin duka biyun, Malam. Umarni ne ya bambanta.

Batun cewa dendiritik ba ta cika samar da IL-4 ba, wato sinadarin da ke haifar da Th2, sananne ne, kuma bai rushe komai ba.

Tambayarka ma ta kwana biyu. Da Ralph Steinman da Zanvil Cohn suka gano ƙwayoyin dendiritik a saifar ɓera a Jami'ar Rockefeller a 1973, shekaru aka yi ana cewa ai makrofaj ne kawai. A 2011 aka ba Steinman kyautar Nobel, kwana uku bayan rasuwarsa. Da neman sani kake, da ka aiko mini a keɓe, amma ka jira sai da ɗalibai suka cika zaure. Wannan ɗabi'ar ce ke sa matasan masu bincike yin gum a taro, don sun ga yadda ake yi wa na gaba da su.

Ka huta lafiya.