Ɗana, Ka Sa A Duba Jijiyoyin Jininka

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyalinka.

Tun da likita ya tabbatar maka da ciwon suga, na lura hankalinka duk yana kan awon suga na yatsa da safe. Ka ci gaba da shi, amma abin da ya fi kai masu wannan ciwo ƙasa shi ne toshewar jijiyoyin jini, wato ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Yawan suga yana ɓata cikin jijiya, kitse ya samu wurin maƙalewa, hanya ta riƙa tsukewa shekara da shekaru mutum bai sani ba.

Ka roƙi a yi maka awon ƙafa da hannu. Za ka kwanta minti 10, a auna hawan jini a idon sawu da damtse, a raba lambar sama, wato babbar lambar awon, ta ƙafa da ta hannu. Daga 1.0 zuwa 1.4 lafiya lau, 0.9 zuwa ƙasa, jijiyar ƙafa ta tsuke. In ya haura 1.4 kada ka yi murna, bangon jijiyar ne ya ƙandare har ma'auni ya kasa matse shi, abin da ya yawaita ga masu suga. Sai a sake aunawa a babban yatsan ƙafa. Sharaɓar da ke ciwo in ana tafiya, ta lafa in an tsaya, alamar tsukewar jijiya ce, sai dai suga kan kashe ji a ƙafa, ciwon ma ya ƙi zuwa.

Hawan jini ya zauna ƙasa da 130/80. Awon HbA1c, mai nuna suga na wata uku, ƙasa da kashi 7 ake nema. Ka faɗa wa likita in kana da ƙarancin jini ko gadon sikila, don suna iya karkatar da sakamakon. Sau ɗaya a shekara a duba mugun kitsen nan LDL, da furotin a fitsari, wanda in ya kai 30 mg/g, alama ce ƙoda ta fara taɓuwa. Tunda ka wuce 40, ka tambaya game da maganin sitatin, mai rage mugun kitse a jini.

Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali guda a rana, har da na dunƙulen miya. Taba da shisha kuwa babu sassauci. Ka yi tafiyar sauri minti 30, kwana biyar a mako.

Ka turo mini sakamakon in ya fito. Allah ya ba ka lafiya, ya yi maka albarka.

Mahaifinka