Zuwa ga Hamma Usman, Jekadafari

Assalamu alaikum Hamma. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali. Ya jikin Dada? Ni lafiya ƙalau, sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, amma da sauƙi.

Na turo dubu ɗari huɗu ta hannun mutumin nan na Tudun Wada. Dubu sittin na maganin Dada ne, kada a taɓa. Dubu arba'in kuɗin makarantar su Hauwa'u. Sauran na gyaran ɗakin Dada, amma kada kafinta ya taɓa komai sai ka gama karanta wasiƙar nan.

Labarin da Goggo Jummai ke yawo da shi ya iso ni, wai na aske gemu na bi Turawa, har sallah na bari. Daga hoto guda! Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Aiki ne ya cinye gemun. Muna sa takunkumin roba mai matatar iska, kuma dole bakinsa ya manne da fata, gashin kwana uku ma sai ya bar kafar da ƙura za ta bi. Kullum kafin in hau sama sai in toshe matatar da tafin hannu in ja numfashi, in ya lotsa ya kama fuskata to ya zauna. Sallah kuwa a kan kwali nake yi bayan kwantenarmu. Ka gaya mata haka, amma cikin ladabi.

Aikin shi ne cire tsohon rufin asbestos, wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, daga shaguna da garken shanu a kewayen Torino. Tun 1992 Italiya ta haramta shi, amma har yau ga shi nan birjik. Sai da na yi kwas na awa 30, likita ya sa na hura iska a bututu, kafin aka ba ni takarda. Ba a fasa rufin, ba a sa masa zarto. Sai mun fesa masa wani jan ruwa mai danƙo, mu kwance noti ɗaya bayan ɗaya, mu sauke falle sukutum, a naɗe da leda a manna masa alama. Farar rigar da muke sawa sau ɗaya ce, a jefa cikin buhun sharar. Wanka ma da takunkumin a fuska ake shiga, shi ne na ƙarshen cirewa.

Akwai wani gari nan yankinmu, Kasale. An rufe masana'antarsu ta asbestos tun 1986 amma har yanzu ciwon da ƙurarsa ke sawa na ɗaukar mutane, har da matan da ba su taɓa shiga ciki ba, tufafin aikin mazansu kawai suke wankewa. Ƙurar ba ta wari, ba ta sa tari ranar. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 take tashi a ƙirji.

Farkon zuwana na yi wata biyu da wani maigida da takunkumin takarda kawai yake ba mu. Na bar shi tuni, ya wuce. Kada Dada ta ji wannan. Tarin da ka ji a waya mura ce.

To, silin ɗakin Dada, mai ruwan tokar nan da marigayi Baba ya sa, irin wannan asbestos ɗin ne. Na tuna muna yara muna kankare gutsurensa muna zane a bango, Allah ya kyauta. Inda bai fashe ba a ƙyale shi, a shafa fenti. Wanda yoyo ya lalata kawai za a cire. A fitar da Dada da yara daga sashen, a jiƙa shi sharkaf, a zare ƙusa a hankali. Na san halin Sani da guduma, kada ka bar shi kusa. Ba shara da tsintsiya, tsumma mai ruwa za a bi da shi. A ɗaure gutsattsarin a leda a binne da zurfi, kada a ba kowa ya rufe akurki ko ya tare murhu. Kafintan zai ce maka tsirfar 'yan Turai ce. Ƙara masa dubu biyar ya yi yadda na ce, kuma ya bar kayan jikinsa a nan a jiƙa su, kada ya kai wa matarsa.

Na san kai ke ɗauke da gidan, ni sai aike da surutu daga nesa. Ka yi haƙuri da ni. Shekara huɗu ban ga fuskar Dada ba sai a waya.

Dubu sittin ɗin nan dai na magani ne, ko Sani ya zo da kukan babur ɗinsa ya lalace. In mai zuwa ya samu a aiko mini da yaji da kuka. Ka gaida Adda Binta da su Bappa.

Ƙaninka,
Bello