Mutumina, an tallata mini HL500

Assalamu alaikum.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Ka yi shiru, na yi shiru, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara. To na gaji, ka ci gasar. Kada ma ka ce zumunci ne ya motsa ni, buƙata ce ta taso.

An tallata mini Yamaha HL500, tsohon babur ɗin tseren daji. Sake karantawa, ba ka yi kuskure ba. Wani dattijo ne a can wajenku, gwiwa ta hana shi hawa, yana rage kayan garejinsa, kuma ya rantse cewa na asali ne, cikin waɗanda aka harhaɗa a Ingila a 1978 da 1979. Duka-duka kusan 400 aka yi. Tun da hotunan suka iso nake buɗe su ina rufewa, har mutanen gida sun fara yi mini kallon tuhuma.

Na san abin da za ka ce, don haka ajiye shi. Ni na mai bugu huɗu ne irin na HL, kai kuwa mutumin inji mai bugu biyu ne, kana jin daɗin ƙarar nan mai tsinka kunne da hayaƙin da ke bin ka a baya. Kuma kullum sai ka tuna mini cewa Paul Friedrichs ya hau CZ a 1966 ya kwashe kambun duniya na tseren babur ɗin daji a ajin cc 500, ya maimaita sau biyu, daga nan mai bugu huɗu ya zama tarihi. Ban musa ba. Naku ya fi sauƙin nauyi, shi ya sa ya ci. Jeff Smith ya ci a 1964 da 1965 a kan BSA, daga shi kuma sai da aka jira har 1993 kafin Jacky Martens ya dawo mana da kambun a kan Husqvarna. Shekara 28 muna shan dariyarku. To a tsakiyar wannan farin ne, a 1977, Bengt Åberg ya hau HL ya ci zagaye guda a gasar Lukzambur, a gaban manyan masu bugu biyu na kamfanoni. Torsten Hallman da Sten Lundin ne suka ɗauki injin babur ɗin daji na Yamaha suka dasa shi a shasi mara nauyi, abin da kowa ya ɗauka wasa ne. Zagaye ɗaya tak, na sani. Amma ka bar mu da shi, ba mu da irinsa da yawa a waɗannan shekarun.

Ga inda damuwar take. Injin nan ba abin nema ba ne. Shi ne na baburan Yamaha TT500 da XT500, an yi su da yawan gaske, SR500 ma danginsa ne. Shasin kuwa masu walda da dama sun kwaikwaye shi, wasu har sun fi na asali kyan aiki. Wato duk mai haƙuri da ɗan kuɗi zai iya haɗa HL a garejinsa, ya fesa fenti, ya manna sitika, ya ɗauki hoto a inda haske ya faɗo daidai. Ba na ƙin na kwaikwayo, wallahi. Idan mutum ya ce mini ga na kwaikwayo, ni na haɗa shi, zan saya in hau in more, wataƙila ma ya fi daɗin hawa. Abin da ba zan yarda ba shi ne in biya kuɗin na asali a miƙo mini wanda aka haifa bara. Kuma na dattijon nan ya yi tsabta da yawa. Babur ɗin da ya yi tsere da gaske sai ka ga tabo: matakin ƙafa ya lanƙwashe an miƙe shi, ƙasan shasi ya sha duwatsu, an canja shokazoba, wani kusoshin ba irin ɗan'uwansa ba. Wannan kuwa ko ƙwarzane babu. Ko dai an yi masa gyara na ƙasaita, ko kuma bai taɓa ganin 1979 ba.

Don haka za ka je ka gano mini. Ba roƙo nake yi ba, bashin tayar nan da ka fasa mini nake karɓa. Ba zan yi cinikin biri a sama ba.

In ka isa, kada ka bari ya fara ba ka labari, don na lura da bakinsa a waya, zai iya sayar maka da keke a matsayin jirgi. Wuce kai tsaye zuwa wuyan shasi, inda aka buga lamba. Shafa da yatsa. In wurin ya yi rami ko ya fi kewayensa santsi, an goge an sake bugawa. Duba ko lambobin sun yi tsufa ɗaya da ƙarfen. Ɗauko mini hoto kusa-kusa, da na waldar wajen wuya da wajen matakin ƙafa, nan ne tsagewa ke fara ɓuya a ƙarƙashin sabon fenti. Sannan takardu: tsohon rasit, hotunan tsere, sunayen waɗanda suka riƙe shi kafin shi. A irin wannan ciniki tsohuwar takarda mai maiƙo ta fi mini fenti daraja. Kuma ka taɓa injin kafin ya tayar. In ka ji shi da ɗumi, ya riga ya tayar kafin ka zo, ka ce za ka jira ya huce. A sanyi ne inji ke faɗin gaskiya: hayaƙi mai shuɗi, ƙarar sarƙar cikin kai, bawul mai kaɗawa. Ka roƙe shi ya zubo ɗan baƙin mai a farin ƙyalle ka duba ko akwai ƙyallin ƙarfe.

Kik ɗin kuma ka bar masa ya buga da kansa. Fistin guda mai cc 500 ba irin ƙananan naku ba ne. In ba ka kama ɗan hannun rage matsi ka wuce da fistin saman nan ba, zai mayar maka da ƙafarka, kuma ba ni da abin da zan gaya wa uwargida.

Af, ka ji mutuminmu mai gemun nan ya sayi babur ɗin Metisse? Shi da ya ce mu mahaukata ne muna tara tsohon ƙarfe. Yanzu kullum yana goge shasin nikel ɗin da tsumma, yana yi wa duk wanda ya tsaya lacca kan Don da Derek Rickman da suka ƙirƙiro shi, da yadda baƙin mai ke zama a cikin bututun shasi. Bai hau ba har yau. Wai yana jiran kafireto. Na tambaye shi shekarar shasin, sai ya fara tari. Ka san har yanzu ana ƙera sababbi, to ban dai ce komai ba, na sha shayina. Surukinsa ma ya fara zancen babur ɗin Lito, kamar abin da ake tsinta a hanya. Waɗannan na Suwidin, da Monark, in ka ga ɗaya to a gidan tarihi ne ko a gwanjon da ni da kai sai dai kallo.

Abin da ya fi ci mini rai ban ma faɗa maka ba. In HL ɗin ya tabbata, sai na rabu da babur ɗina BSA B50 MX. Aljihu ba zai ɗauki biyu ba. Ka san yadda nake da babur ɗin nan, da giyarsa a ƙafar dama da ke rikita duk wanda ya ara, da sifanun inci da na tara dominsa kaɗai. Shi ne ƙarshen abin da BSA ta yi a wannan fage, daga 1971 zuwa 1973, kamfanin na tangal-tangal. A 1971 ɗin suka rufe sashen tsere, Alan Clews ya saye kayan da suka rage ya tafi Bolton ya fara kamfanin babur na CCM da su. Duk wanda ya riƙe B50 yana riƙe da kakan CCM ne, kuma in ya fita hannuna ban ga ranar da zan sake samun mai lafiyarsa ba. Wani dare in ce HL, da safe in shiga gareji in ga wancan in ce ina, ba zan iya ba. Har na fara fatan ka je ka tarar na bogi ne, in huta.

Kada ka gaya wa mai gemu ko kalma ɗaya, zai riga ni kiran dattijon. Kuma kada ka nuna zumuɗi a gabansa, na san fuskarka ba ta iya ɓoye komai. Ka tafi da tocila da ɗan maganaɗisu, ka shiga da fuskar mai zuwa ta'aziyya. Ya ce Asabar yana gida. Zan turo maka lambarsa ta waya.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Hoton lambar shasin nake jira kafin komai.

Naka,
abokin faɗanka