Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da na damƙa wa faifan ajiyar kwamfutata

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Na fito da wannan magana fili ne saboda sau uku ina aiko muku da saƙo, ba wanda ya ce mini uffan.

Ranar da na kawo muku faifan, mai cin terabayit 1, don ku ceto mini bayanan da ke cikinsa, na yi wa ma'aikacinku bayani dalla-dalla. Ya faɗo daga kan tebur yana tsakar aiki, ya fara ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, na zare shi nan take ban sake jona shi ba. Na kuma gaya masa abin da ke ciki. Takardun aiki ba su dame ni ba, a sake rubuta wasu. Hotunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, na shekara tara, da wani ɗan bidiyo na minti biyu da take yi wa jikanta wasa. A nan kaɗai muryarta ta rage mana.

Duk mai wannan sana'a ya san abin da ƙarar nan take nufi. Faya-fayan ciki suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar da ke karanta su kuma shawagi take yi a kansu, tazarar ko kusa da kaurin gashi ba ta kai ba. In allurar ta lalace, duk daƙiƙar da aka bar faifan a kunne tana iya kankare fuskar da bayanan suke, abin da ta kankare kuwa ya tafi kenan. Shi ya sa ake buɗe shi a ɗakin da aka tace iskarsa daga ƙura, a sauya allurar da ta wani faifai irinsa, a kwafe shi kacokan zuwa wani lafiyayye, sannan a yi tonon a kan kwafin.

Ku fa? Da bakinsa ma'aikacinku ya gaya mini kwana biyu kuka bar shi a jone, manhaja tana ta lalube. Ba ku buɗe shi ba, ba ku yi kwafi ba.

Abin da kuka miƙo mini filas ne cike da fayiloli marasa suna, sai lambobi. Na zauna har tsakar dare ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya. A wani hoton ga goshinta da ɗankwalinta, daga idanu zuwa ƙasa sai launin toka. Bidiyon kuwa ya ƙi buɗuwa.

Na kai faifan wurin wani gwani. Ya buɗe, ya nuna mini zoben da allurar ta zana a fuskar faifan, da ƙurar da ta taru a matatar ciki. Ƙurar nan hotunan mahaifiyata ne.

Na yarda ya kamata in ajiye kwafi a wani wuri tun farko, wannan sakacina ne kuma yana ci mini rai. Amma ku kuka ce kun iya. Da kun ce mini aikin ya fi ƙarfinku, da na gode muku na ƙara gaba.

Ina so ku ba ni bayani a rubuce na duk abin da aka yi wa faifan, ku dawo mini da kuɗina. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne wanda zai shigo muku gobe da nasa faifan yana ƙara. Don Allah kada ku jona shi. In kwana 14 suka wuce ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye.

Wassalam,
Wanda ya ba ku amana