Wasiƙa daga Columbus

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso, kuma na daɗe ina juya tambayarka a raina, wato ko gaskiya ne Ba'amurke ba ya da abin da ya sa a gaba sai neman ɗaukaka. Shekarata shida ke nan a Columbus ta jihar Ohio, kuma amsar da zan ba ka yau ta sha bamban da wadda da zan ba ka a shekarar da na sauka.

Buri dai akwai shi, kuma ba sa jin kunyar nuna shi. Idan kuka haɗu da mutum a taro, da wuya ya tambaye ka ɗan gidan wa ne kai. Abin da zai fara tambaya shi ne aikin da kake yi, kuma da amsarka zai auna ka. Wanda ya kafa kasuwanci ya karye ba ya ɓuya a gida don gudun bakin mutane, sai ma ka ji yana ba da labarin karayar tasa kamar mayaƙin da ke nuna tabo. Wannan hali kam na yaba musu.

Sai dai da zama ya yi zama, na lura cewa yawancin mutane ba haka suke rayuwa ba. A shekarun 1950 da 1960, kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan sauya wurin zama a kowace shekara, amma zuwa 2019 adadin ya faɗo ƙasa da ɗaya cikin goma. Masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun nuna a 2016 cewa cikin waɗanda aka haifa a 1940, kusan kashi 90 cikin ɗari sun fi iyayensu samun kuɗi, alhali cikin 'yan shekarun 1980 rabi ne kawai suka yi hakan. Wasu marubuta suna cewa lalaci ne ya kama Amurkawan yau, jikokin waɗanda suka ratsa nahiyar a keken doki. Ni ban yarda ba, kuma wani dattijo da muke aiki tare a ɗakin ajiyar kaya ne ya sa ban yarda ba.

Shekara ashirin da biyu ya yi a kan muƙami ɗaya. Rannan muna hutun rabin awa, yana cin abincinsa daga robar da ya zo da ita, ya ce mini ya iya aikin kafinta sosai, kuma ya daɗe yana son buɗe shagon kansa. Na ce to me ya hana? Sai ya ɗaga katin inshorar lafiya daga walat ɗinsa ya nuna mini. Matarsa tana fama da ciwon sukari, kuma a ƙasar nan inshorar yawancin ma'aikata a wurin aikinsu take ɗaure, don haka barin aiki yana nufin shiga kasuwar inshora da aljihunka. Ga bashin gida na shekara talatin, ga bashin karatun 'yarsa. Wannan ba wadatar zuci ba ce irin ta mahaifinka, Allah ya jiƙansa, wanda yake rufe shago da la'asar don ya ga abin da ya samu ya ishe shi. Mutumin nan yana so ya tashi, ɗaure shi aka yi.

Har masu gudun ma, sau da yawa tsoro ne ke kora su. Mafi ƙarancin albashi na tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, kuma babu dokar tarayya da ta tilasta ba ma'aikaci hutun shekara da biya. Maƙwabciyata tana aiki biyu, da safe a gidan kula da tsofaffi, da dare tana kai wa mutane abinci a mota; daga nesa sai ka ce buri ne, alhali kuɗin haya take bi.

Game da ɗanka da ke son zuwa karatu, ka bari mu yi magana a waya ranar Juma'a in Allah ya kai mu, domin akwai lissafin da nake so ya gani kafin ya cika takardu. Ka gaishe mini da Hajiya da yara.

Naka,
Amininka na Columbus